Dim sum da taliya a Guangzhou da ɗan guzuri kaɗan: masu zuwa Chana ku ba ni shawara

Sabon_Ɗan_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Maigidana zai tura ni Guangzhou a watan Oktoba in yi masa lodin yadi, kuma wannan ce fitata ta farko. Kuɗin abincin da ya ware mini ba su taka kara sun karya ba, cewa ya yi in yi maneji. Ni kuma na daɗe ina ganin bidiyon 'yan kwandunan nan da ake jerawa a tebur suna tururi, wai dim sum, da taliyar da ake ja da hannu. Ba na so in je har Chana in ƙare a shinkafa da miyar gidan abincin 'yan Najeriya. Shin mutum zai iya shiga irin wurin nan da RMB 50, wato kuɗin Chana, ya fito a ƙoshe? Sannan yaya maganar halal?

Alhaji_Mai_Kwantena:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Taliya abincin cika ciki ne, dim sum kuwa abincin zama ne da hira. In taliya kake so, RMB 50 ta ishe ka ci safe, rana da dare. Ka nemi shagunan Lanzhou lamian, wato taliyar nan da ake ja da hannu, suna nan kusan kowane titi, yawanci allonsu kore ne, masu aikin na sanye da farar hula, matansu da ɗankwali. Musulmi ne. Kwano ɗaya ina biyan RMB 13 zuwa 18, ya danganta da unguwa. Shi kuwa dim sum, in ka shiga kai kaɗai da 50, za ka fito ka sake neman abinci.

Hajiyar_Atamfa:
Alhaji ya faɗi gaskiya a kan taliya, amma kada ya kashe maka gwiwa a kan dim sum. Laifin na mai zuwa shi kaɗai ne. Kowane kwando guda uku ko huɗu ne a ciki, an yi shi ne don a raba. Mu huɗu muke zuwa da abokan tafiyata, mu ɗauki kwando takwas ko tara iri daban-daban, mu ƙara da faranti ɗaya na soyayyiyar taliya a tsakiya. In aka raba kuɗin, kowa bai fi 50 zuwa 60 ba, kuma kowa ya ɗanɗani komai. Kai kaɗai da kuɗin nan iri uku kawai za ka gani.

Bawan_Allah_77:
Ku dakata tukuna. Kuna ta lissafin kuɗi kun tsallake babbar maganar. Dim sum na mutanen Guangdong, lardin da Guangzhou take ciki, da yawansa alade ne. Siu mai alade ne da jatan lande. Char siu bao, farin burodin nan mai laushi da ake turarawa, gasasshen alade ne a cikinsa. Shinkafar da ake naɗewa a ganye, wadda za a ce maka ta kaza ce, sau da yawa akwai alade a ciki. Yaro zai je da yunwa ya nuna hoto da yatsa, shi ke nan.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Subhanallahi. To in na tsaya a kan na jatan lande kawai fa? Na ga wani fari mai sheƙi da ake hango jatan landen daga waje.

Bawan_Allah_77:
Har gow ke nan. Shi ma masu yin sa da yawa suna cuɗa jatan landen da kitsen alade don ya yi maiƙo. Ko ɗan kek ɗin nan na ƙwai da ake ci a ƙarshe, wasu da man alade suke kwaɓa ɓawonsa. Idonka ba zai gani ba.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Bari in sa baki a nan. Shi jatan lande a kan kansa ba matsala, a mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne. Matsalar ita ce abin da aka haɗa shi da shi, kamar yadda Bawan Allah ya ce. Sai kuma abin da mutane ke mantawa: kaza da naman sa a gidan abincin da ba na Musulmi ba, waye ya yanka? Rashin alade a faranti bai mayar da nama halal ba. Ga kuma giyar shinkafa da suke zubawa a girki, musamman wajen jiƙa nama. Saboda haka jimlar nan da ake koya wa baƙi ta “ba na cin alade” ba ta wadatar ba. A nemi gidan da aka san na Musulmi ne, hankali ya fi kwanciya.

Hajiyar_Atamfa:
Allah ya gafarta Malam, ai ni ma ba ko'ina nake shiga ba. Wurin da nake nufi shi ne Huimin Fandian, a titin Zhongshan na 6, kusa da tashar metro (jirgin ƙasa na cikin gari) ta Ximenkou a layi na 1. Tsohon gidan abinci ne na Musulmin garin, girkin Guangdong suke yi amma na halal. Siu mai ɗinsu ba alade, da naman halal suke yi, haka ma burodin. Daga can da ƙafa za ka taka zuwa masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiyar nan. Mu kan ci mu wuce mu yi azahar.

Alhaji_Mai_Kwantena:
Hajiya, wurin nan na san shi, kuma ba na musu abincinsu da daɗi. Amma yaron nan aiko shi aka yi. Daga kasuwar yadi ta Zhongda ya kama hanya, ya jira tebur, ya zauna shan shayi awa biyu, wa zai tsaya masa a kan kaya? Ni shagon lamian minti goma na gama na koma bakin aiki.

Hajiyar_Atamfa:
Haba Alhaji, sai ka ce ba ya da ranar hutu. Rana ɗaya dai cikin tafiyar.

Ɗalibi_a_Lanzhou:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni karatu nake a Lanzhou, garin da taliyar ta samo suna, bari in ƙara a kan maganar Alhaji. A nan ba ma ce mata lamian, niurou mian ake cewa, kuma abincin safe ne, shaguna da yawa kafin la'asar sun rufe. Ana danganta ta da wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui mai suna Ma Baozi, a 1915. Suna da ƙa'ida ta abu biyar da ake duba kwano da su: romo garau, farin yankan wata saiwa mai kama da karas, jan man barkono, koren ganye, sai taliyar mai ɗan rawaya. Abin dariyar shi ne yawancin shagunan da kuke gani a Guangzhou da sauran garuruwa ba mutanen Lanzhou ke da su ba, mutanen Hualong ne daga lardin Qinghai. Su ma Musulmi ne, ba matsala ta wannan fuskar, ɗanɗanon ne dai ya ɗan bambanta.

Abin da zai amfane ka yaya: kana da damar zaɓar kaurin taliyar kuma kuɗin ɗaya ne. Akwai siririya kamar gashi, maoxi, akwai erxi mai matsakaicin kauri, akwai mai faɗi, kuan. In yini za ka yi kana yawo a kasuwa ka ce erxi ko kuan, sun fi zama a ciki kuma ba sa saurin jiƙewa a romo. Ka ƙara dafaffen ƙwai ɗaya, kuɗinsa kaɗan ne.

Na_Gidan_Dariya:
Ɗalibi ka faɗi komai ban da naman. Naman da suke sawa a lamian in ka ɗaga shi sama kana iya karanta saƙon waya ta cikinsa. Ina jin sa ɗaya suka yanka tun 1915 ɗin nan, har yau ba a cinye shi ba.

Ɗalibi_a_Lanzhou:
Hahaha, wallahi su kansu 'yan ƙasar suna wannan tsokanar. Naman daban ake saye, ƙaramin faranti, in ka ƙara shi kuɗin kwanon ya kusa ninkawa. Nan ne maneji yake lalacewa.

Issoufou_Damagaram:
Sannunku. Ni daga Zinder nake, kayan babur nake ɗaukowa. Abin da ban ga kowa ya faɗa ba shi ne kuɗin da ba a rubuta a jikin hoton abinci. A gidan dim sum, da ka zauna an fara lissafa maka kuɗin shayi, kowane kai, ko ka sha ko ba ka sha ba. Wani wuri RMB 5, wani ya haura 10 in ka zaɓi shayi mai tsada. Tishun da ke kan tebur ba kyauta ba ne, in ka buɗe ya shiga lissafi. Wani wuri har ɗan farantin gyaɗa za a ajiye maka ba ka tambaya ba. Wani gida da muka shiga kusa da otal ɗinmu, waɗannan ƙananan abubuwan kaɗai sun kai kuɗin kwando biyu. Ka tafi da tishunka a aljihu, abin da ba ka nema ba ka ɗaga hannu a ɗauke tun kafin a taɓa. Daɗin abin, ba a ba ma'aikata kuɗin goro a can, abin da ke takarda shi za ka biya.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Na gode Malam Issoufou. To shayin ba za a iya cewa ba a so ba?

Issoufou_Damagaram:
A'a, kuɗin kujera ne a fakaice. Tunda ka biya, ka sha abinka. Ruwan zafi kyauta ake ƙarawa ko sau nawa ne. In butar ta ƙare ka ɗan buɗe murfin ka bar shi a karkace, za su gani su zo su cika. Kuma ruwan farko da za a kawo da wata roba ko kwano babba, na ɗauraye kofi da tsinken cin abinci ne, haka al'adarsu take.

Maman_Iman_GZ:
Ni a nan nake zaune da maigidana, shekaru ke nan. Shawarata a kan lokaci ce. Gidajen shayi da yawa suna rage kuɗi ga wanda ya zo da sassafe ya biya kafin cunkoson rana, wasu kuma bayan ƙarfe biyu. Shi ya sa za ka ga tsofaffin garin sun cika wuri tun da safe, kwando biyu da butar shayi, suna karanta jarida har hantsi. Asabar da Lahadi kuwa iyalai ne ke cika ko'ina, ga layi ga ba ragi. Ka je ranar aiki.

Sannan ka kula da takardar da za a ajiye maka. Abincin aji-aji ne: ƙarami, matsakaici, babba, da na musamman, kowane aji da kuɗinsa. Ba girman kwandon ake nufi ba, tsadar abin da ke ciki ne. Na jatan lande kullum yana sama. Masu cika ciki da araha su ne kunun shinkafa da suke kira zhou, da cheung fun, wato shinkafar da aka niƙa aka turara fale-fale aka naɗe, da burodin da aka turara. Ka fara da waɗannan, sai ka ɗauki kwando ɗaya na mai tsadar don ɗanɗano.

Alhaji_Mai_Kwantena:
Kunun shinkafa! Maman Iman, mutum ya bar Kano ya hau jirgi ya sauka a Addis ya sake hawa wani, don ya je ya sha kunu?

Maman_Iman_GZ:
Alhaji ai shi ya ce maneji yake so. Kuma ba irin kunun da ka sani ba ne, da gishiri ne da citta, da kifi ko nama a ciki.

Zango_Boy_Kumasi:
Ni dai ƙafar kaza ce ta hana ni sakewa da dim sum. An kawo ta jajir, ta kumbura, abokina ɗan ƙasar yana ta tsotsa yana tofar da ƙashi. Na kasa.

Hajiyar_Atamfa:
Kai ɗana, wanda ke cin ganda da ƙafar sa shi ne zai raina ƙafar kaza? Soya ta ake yi tukuna, a jiƙa, sannan a turara da miyar waken soya, shi ya sa take narkewa a baki. Ni ita nake fara nema, kuma tana cikin masu sauƙin kuɗi.

Abu_Hong_Kong:
In Allah ya sa wata rana ka tsallako Hong Kong, akwai kantin abinci a hawa na 5 na masallacin Ammar da ke Wan Chai. Dim sum na halal suke yi daga safe zuwa wajen ƙarfe uku na rana, kuma a tsadar garin nan yana cikin masu sauƙi. Har waɗanda ba Musulmi ba suna cika wurin. Sai dai bizar Hong Kong daban take da ta Chana, kada ka ɗauka da wadda ke hannunka za ka shigo. Kuma za ka ji ana ta zuzuta Tim Ho Wan, wanda ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2010 har aka riƙa kiransa mafi arahar gidan abinci mai tauraro. Arahar gaskiya ce a lokacin, amma abin da ya yi suna da shi burodin alade ne, ba namu ba ne.

Baba_Tsohon_Fatake:
Duk wanda ya je Guangzhou ya yi ƙoƙari ya yi Juma'a a masallacin da kabarin Sa'ad bin Abi Waƙƙas yake, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Lokacin da nake zuwa, bayan an sallame masu abinci ne ke cika bakin hanya, tsire irin na mutanen Xinjiang, yankin Musulmi na yammacin Chana, gurasa mai zafi, shinkafa da naman rago da karas. Da kuɗi kaɗan za ka ci ka yi guzurin dare. Wannan ya fi mini duk wani kwando.

Malam_Na_Tudun_Wada:
Baba, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa in ɗan gyara. Mutanen wurin suna danganta kabarin da shi, haka ne, amma abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne Sa'ad, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Masallacin dai tsoho ne mai tarihi, kuma Juma'arsa tana tara Musulmi daga ko'ina.

Baba_Tsohon_Fatake:
To Malam, mu dai abin da aka gaya mana a can ke nan. Allah ne masani. Gurasar dai ba a yi mini gyara a kanta ba.

Na_Gidan_Dariya:
Baba ya ce a bar masa gurasarsa.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Allah ya saka wa kowa. Amma in dawo kan tambayata, yaya zan gane shagon Musulmi in ban iya karatunsu ba? Na ji an ce ba kowane ke da rubutun Larabci ba.

Ɗalibi_a_Lanzhou:
Haka ne yaya, a 'yan shekarun nan an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna da yawa, saboda haka kada ka tsaya neman “halal” da harafin da ka sani. Ka adana waɗannan a wayarka. 清真 shi ne alamar abincin Musulmi, qingzhen ake karantawa. 牛 sa, 羊 rago, 鸡 kaza, 猪 alade. Abu ɗaya mai muhimmanci: in ka ga 肉 shi kaɗai, wato nama ba a faɗi na mene ne ba, a gidan da ba na Musulmi ba alade ake nufi. Kuma akwai wasu shaguna masu araha sosai da za ka gani ko'ina, Shaxian, su ma taliya da 'yan ƙulle-ƙullen nama suke sayarwa. Arahar za ta ja ka, amma ba na Musulmi ba ne.

Bawan_Allah_77:
Haka ma taliyar wonton ta mutanen Guangdong, siririyar nan mai ƙwai. Ƙullin alade ne da jatan lande, romon ma akan sa ƙashin alade. Taliya ba duka ɗaya ba ce, kada ya ji an ce taliya lafiya lau ya afka kowane shago.

Issoufou_Damagaram:
Ni kuma ina ganin kun takura kanku a kan romo. A shagon lamian ɗin nan akwai soyayyiyar taliya, akwai wadda ake fereyewa da wuƙa kai tsaye cikin tukunya, akwai shinkafa da aka zuba wa dankali da nama ko tumatir da ƙwai a kai. Mu da muka saba da abinci mai nauyi, romo ba ya riƙe mu, ƙarfe huɗu ka ji cikinka na ƙugi. In kun kai ku uku, ku shiga gidan 'yan Xinjiang a Xiaobei, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa, ku ce dapanji. Kaza ce da dankali da barkono a babban faranti, a zuba taliya mai faɗi a cikin miyar. A raba uku, ba wanda zai yi ƙorafi.

Alhaji_Mai_Kwantena:
Yawwa, yanzu aka zo wurin. Dapanji abinci ne. Sai dai Xiaobei ɗin ba kamar da ba ce, tun bayan korona mutanenmu sun ragu, shaguna da yawa sun canja hannu. Wanda ka sani bara ba lallai ka same shi bana ba. Kuma ƙanina, ka ce Oktoba? Canton Fair, babban bajekolin nan na Guangzhou, na farawa 15 ga wata. Otal zai yi tsada, gidajen abinci na kusa da otal-otal ɗin baƙi za su cika. Abin da ka tara a kan abinci kuɗin ɗaki zai cinye shi. In da hali ka roƙi maigidanka ka sauka kafin lokacin, amma ba a makon farko ba, don daga 1 ga Oktoba suna hutun ƙasa na mako guda, masana'antu da shaguna da dama a rufe.

Sabon_Ɗan_Kwari:
Wannan kam ban san da shi ba Alhaji, zan gaya masa yau. To biyan kuɗi fa? An ce komai da waya ne.

Maman_Iman_GZ:
Yawanci da manhajar Alipay ko WeChat ne, har zaɓen abincin ma a wasu wuraren sai ka ɗauki hoton lambar da ke manne a tebur. Tun 2023 ana iya haɗa katin Visa ko Mastercard na waje da su. Amma tsabar kuɗi tana aiki, doka ba ta yarda a ƙi karɓa ba, canji ne dai wani lokaci ke wuya, ka riƙe ƙananan takardu. In kana da wanda ya iya harshen, ya duba maka manhajar Meituan ko Dianping kafin ku shiga, akan samu takardar ragi ko haɗin abinci na mutum biyu da ya fi saye ɗaya-ɗaya sauƙi.

Hajiyar_Atamfa:
Ni ma a Oktoba zan shiga in Allah ya yarda, da 'yan'uwa biyu. In kwanakinmu sun haɗu ka zama na huɗu, mu kai ka Huimin ka ga kwandunan da idonka. Ka zo da 60 ɗinka da tishunka.

Alhaji_Mai_Kwantena:
Ka je, amma ka fara shan kwano ɗaya na lamian a hanya. Ka ji shawarar manya.

Hajiyar_Atamfa:
In ya cika ciki da taliya me zai ci a can kuma? Alhaji kada ka ɓata mana lissafi, kashi huɗu za mu raba ko ya ci ko bai ci ba.

Zango_Boy_Kumasi:
Hajiya in kun je a ɗauko mana hoton fuskarsa lokacin da aka ajiye ƙafar kazar.

Sabon_Ɗan_Kwari:
In sha Allahu Hajiya, zan yi miki magana in biza ta fito. Ɗalibi, wannan erxi ɗin yaya ake furta shi, kada in je in faɗi wani abu daban?

Ɗalibi_a_Lanzhou:
Kamar “ar-shi”. In bai gane ba ka ɗaga yatsu biyu ka nuna mai jan taliyar, don “er” biyu ke nan a harshensu, zai fahimta.